Ɗan dunƙulen nikel da ke tsakanin iskar gas da gonar Kontagora

Masana duwatsu da abin da ke ƙarƙashin ƙasa, idan za su zana iyakar yankin da suke kira Kwarin Bida, daga Kontagora suke soma jan layi. Daga nan kwarin ya miƙa kudu maso gabas, ya ratsa ƙasar Nufe, har ya gota Lakwaja kaɗan. Yana cikin kwaruruwan cikin ƙasa da Gwamnatin Tarayya ta daɗe tana sa ran samun mai ko gas a cikinsu, kuma binciken da masana irin su Farfesa Nuhu Obaje suka kwashe shekaru suna yi daga Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida da ke Lapai ya fi karkata ga cewa, idan akwai wani abu a kwance a can, to gas ne zai fi rinjaye. Har yau dai ba a kai ga haƙo shi don sayarwa ba.

Duk da haka gas yana isa Kontagora kowace damina. A buhu yake zuwa, a bayan tirela, ta Ibadan da Ilori da Jebba da Mokwa. Farin takin nan mai kama da tsakin shinkafa da ake kira yuriya, wanda manomin Rijau ko Mashegu ke zuba wa masararsa makonni kaɗan bayan shuka, gas ne na kudancin ƙasar nan da iskar da kowa ke shaƙa, aka haɗa su aure a masana'anta. A cikin buhu mai kilo 50 akwai kilo 23 na naitirojin, abin da shuka ke ƙishirwa ke nan. Naitirojin kuwa kyauta ne, domin shi ne kashi 78 cikin 100 na iska, sai dai masara ba ta iya ɗaukar sa kai tsaye. Dole a ɗaura shi da haidirojin ya zama amoniya, ta hanyar da Fritz Haber da Carl Bosch suka ƙirƙiro, wadda aka fara aiki da ita a masana'antar Oppau ta Jamus a 1913. Daga amoniya ake yin yuriya. Saura tambaya ɗaya: ina ake samo haidirojin ɗin? Sama da kashi 70 cikin 100 na amoniyar duniya daga metan ake ciro nata, wato babban sinadarin da ke cikin gas.

Haka ake yi a masana'antar takin Dangote da ke Lekki, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Maris na 2022 da ƙarfin tan miliyan 3 a shekara. Haka ake yi a Indorama da ke Eleme, haka nan a Notore da ke Onne, tsohuwar NAFCON. Kowaccensu tana da wani ƙaton tanderu a farkon layinta, kuma a cikin wannan tanderun ne labarin yake.

Abin da ke faruwa a cikin bututu

Metan abu ne mai taurin kai. Ƙwayar zarra ɗaya ta kabon ce ke riƙe da huɗu na haidirojin, riƙo mai ƙarfi, kuma ba ta sakin su da lallami. Don a raba su sai an gauraya gas ɗin da tururi, a tura shi cikin bututan ƙarfe ɗari da ɗoriya da aka jera a tsaye, kowanne tsawonsa ya haura mita 10, wuta na ci a kewayensu har zafin ya kai wajen digiri 800 a ma'aunin Salshiyos. Ko da wannan zafin, aikin ba zai tafi da saurin da zai biya kuɗin wuta ba sai da mai shiga tsakani. Shi ne katalis. Mafi kusancin misali da shi a kasuwa shi ne dillali: ba nasa ne kaya ba, ba shi ne mai saye ba, amma in babu shi ciniki ba ya faɗawa, kuma idan an gama yana nan yana jiran na gaba.

Dillalin wannan ciniki ƙarfen nikel ne. Ana baza shi ƙanana-ƙanana, waɗanda ido ba ya gani, a jikin wasu dunƙulallun ƙwayoyi masu huji da aka gasa kamar tangaran, a cika bututan da su. A kan fuskar nikel ɗin ne metan ke sakin haidirojin ɗinsa, kabon ɗin kuma ya kama oksijin na tururi ya fita a matsayin iska. Tun 1930 aka soma wannan aiki a masana'anta a Amurka, kamfanin ICI ya biyo baya a Billingham ta Ingila a 1936, kuma daga lokacin zuwa yau nikel bai sauka daga kujerarsa ba. Akwai ƙarafan da suka fi shi iya aikin, irin su rodiyam da ruteniyam, amma tsadarsu ta fi ƙarfin kowa. A watan Maris na 2021, oza ɗaya ta rodiyam, wato giram 31, ta fi tan guda na nikel tsada.

Araha dai ba ta hana nikel ciwo. Farar wuta da ke zuwa cikin gas tana kashe masa kaifi, shi ya sa ake tace ta tun kafin gas ya shiga tanderu. Zafi mai tsawo kuma yana sa ƙananan ƙwayoyinsa su yi ta rarrafe a kan abin da aka ɗora su, su haɗu su cure, fuskar da ke aiki ta ragu. Babbar cutar ita ce kunkunniya.

Yadda take kama shi abin mamaki ne. Idan kabon ya rabu da haidirojin amma bai samu oksijin da zai tafi da shi nan take ba, sai ya narke ya shige cikin ƙwayar nikel, ya ɓulla ta bayanta a matsayin siririn zare. Zaren yana tsawo yana ɗaga ƙwayar sama, har ya raba ta da mazauninta. Dubun dubatan irin waɗannan zaruruwa, idan suka taru a cikin ramukan dunƙule, suna da ƙarfin farfasa shi ya koma gari. Gari ya toshe bututu, gas ya kasa wucewa, zafin da ya kamata gas ya kwashe ya tsaya a jikin ƙarfe, sai a ga wani sashe na bututun ya yi jawur. Injiniyoyin wannan fanni suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna aiki da shi: ƙarin digiri 20 a kan zafin da aka ƙera bututu dominsa yana rage tsawon ransa da rabi. Masana'antar da ta tsaya don sauya bututu ko katalis kuwa, kowace rana asarar dubban tan na taki ce, kuma idan tsayuwar ta faɗo a bakin damina, a kasuwannin ƙauye ake jin zafinta.

Maganin da masana'antu ke amfani da shi mai sauƙi ne amma yana da cin kuɗi: a ƙara tururi, wajen ninki uku na kabon ɗin da ke cikin gas, fiye da abin da lissafin haɗin ke buƙata, don ya riƙa wanke kabon kafin ya zauna. Kowane ƙarin tururi kuwa ruwa ne da aka tafasa da gas ɗin da da an mai da shi taki.

Dutsen da aka tsinto a Rasha

A nan ne ferobiskait ya shigo. Asalin sunan na wani dutse ne da Bajamushe Gustav Rose ya bayyana a 1839 daga tsaunukan Ural na Rasha, ya raɗa masa sunan wani basarake mai sha'awar duwatsu, Lev Perovski. Yau sunan ya tashi daga kan dutsen ya koma kan tsarin gininsa. Duk wani haɗi da aka jera ƙwayoyin zarrarsa a kan wannan fasali, babban ƙarfe ɗaya, ƙaramin ƙarfe ɗaya da oksijin uku, ana kiran sa ferobiskait. Wanda ya ji sunan a taron fitilun sola kada ya rikice. Waɗancan 'yan uwa ne a fasali kawai, kayan haɗinsu daban ne.

Abin da ya sa masana suka ƙwallafa rai a kansa shi ne haƙurinsa. Kamar zanen gida ne da za a iya sauya bulo da jar ƙasa ko dutse, ginin bai rushe ba. Ana iya cire wani ƙarfe a sa wani, ana iya barin wasu gurabe babu kowa, kuma kowane sauyi yana canza halin abin. Sai aka yi tunanin, maimakon a yayyafa nikel a saman dunƙule, me zai hana a gina shi a cikin bangon tun farko?

Mafi shahara a wannan dangi shi ne wanda aka haɗa da lantanam da nikel da oksijin. Ana narka gishirin ƙarafan biyu a ruwa tare da sinadarin tsamin lemo, a dafa har ya yi kauri, a gasa a zafin digiri 700 zuwa 900. Abin da ke fitowa baƙin gari ne wanda kowace ƙwayar zarrar nikel ke zaune a gurbinta, nesa da 'yar uwarta. Idan aka busa masa haidirojin da zafi, ginin ya warware, nikel ya fito ƙanana ƙwarai, a baje daidai wa daida a kan ragowar lantanam ɗin. Ƙanƙantar tana da amfani, domin zaren kabon ya fi samun wurin kafuwa a kan babbar ƙwaya. Ragowar lantanam kuma ba zaman banza take yi ba: tana kama iskar kabon dayoksaid ta riƙe, sannan ta miƙa oksijin ɗinta ga duk kabon da ya fara taruwa a gefen nikel, ya ƙone ya tafi. Dillali ne da ya zo da mai shara.

Akwai mataki na gaba da ya fi wannan armashi. A 2002, masu bincike na kamfanin motoci na Daihatsu a Japan suka nuna cewa ƙarfen faladiyam da aka sa cikin ferobiskait a salansar mota yana fitowa yana komawa cikin ginin gwargwadon yadda hayaƙi ke sauyawa, don haka ba ya samun sukunin curewa. Bayan shekara goma sha ɗaya, a Jami'ar St Andrews ta Sukotlan, Dragos Neagu da Farfesa John Irvine da abokan aikinsu suka nuna yadda za a sa nikel ya tsiro daga cikin wani ferobiskait mai titaniyam ba tare da ginin ya rushe ba, idan aka bar wasu gurabe da gangan. A 2015 suka ƙara nuna abin da ya fi muhimmanci ga masu fasa metan: ƙwayar da ta tsiro ta wannan hanya wani sashenta a nutse yake cikin mazauninta. Nikel ɗin da aka yayyafa kamar gero ne a kan faifai, ɗan girgiza kaɗan ya taru gefe guda. Wanda ya tsiro daga ciki kuwa kamar haƙori ne a dasashi. Ba ya rarrafe, kuma zaren kabon ba ya samun bayan da zai ɗaga shi ta nan.

Fasawa ba tare da tururi ba

Wannan juriya ce ta farfaɗo da wani tsohon buri. Ana iya fasa metan da kabon dayoksaid a maimakon tururi, wato iskoki biyu da ake zargi da ɗumama duniya su cinye juna, a samu haidirojin da kabon monoksaid kai da kai. Franz Fischer da Hans Tropsch sun gwada haka tun 1928, kuma abin da ya tare su shi ne abin da ke tare kowa har yau: kabon ya yi yawa a cikin haɗin, babu ruwan wanke shi, nikel ya toshe cikin ɗan lokaci. Mafi yawan rubuce-rubucen da ake yi kan ferobiskait mai nikel a kan wannan matsalar suke.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan, tun da masu rubuta wa shugabanni takardun shawara suna yawan haɗa abubuwan da ba su haɗu ba. Masana'antar taki haidirojin take so, tsantsarsa, kuma tururi ya fi ba da shi. Haɗin da busasshiyar fasawa ke bayarwa ya fi dacewa da masu yin man ruwa da wasu sinadaran masana'antu daga gas, irin aikin da ake yi a Escravos tun 2014, inda Chevron da NNPC ke mai da gas ya zama dizal. Inda sabuwar hanyar za ta fi tasiri shi ne inda gas ya zo a gauraye da kabon dayoksaid tun asali, da kuma inda yawansa bai kai a gina masa ƙatuwar masana'anta ba.

A nan ƙasar Kontagora ta sake shigowa ta wata ƙofa. Kashin shanu, idan aka rufe shi a rami babu iska, yana fitar da gas wanda sama da rabinsa metan ne, mafi yawan saura kuma kabon dayoksaid. Kusan ainihin haɗin da busasshiyar fasawa ke nema ke nan, ba tare da an sayo komai ba. Yankin da ke da kasuwar shanu irin ta Mariga ba zai rasa wannan ɗanyen kaya ba. Sai dai mai hankali zai ce a fara dafa abinci da kunna janareta da shi tukuna, domin wannan fasaha ce da ke hannu, kuma gas ɗin kashi yana ɗauke da farar wuta mai yawa da za ta kashe kowane nikel, na yayyafawa ko na tsirowa, in ba a tace ta ba.

Ferobiskait ɗin kansa bai gama cin jarrabawa ba. Gasawar da ake yi masa da zafi mai yawa tana sa garin ya daskare, fuskar da gas zai taɓa ta kasa kai murabba'in mita 10 a kowane giram a mafi yawan lokuta. Gwajin ɗakin bincike ana yin sa ne da ɗan abin da bai cika cokalin shayi ba, na awoyi goma ko ɗari, a matsin iska na yau da kullum. Masana'anta kuwa tan-tan take lodawa, tana so ya yi shekara huɗu ko biyar, a matsin da ya ninka na iska sau 30, inda kabon ya fi saurin zama. Ga kuma lantanam, ɗaya daga cikin ƙarafan nan da Sin ta mamaye tace su. Duk wanda ya ce wa minista wannan garin zai sauko da farashin taki a damina mai zuwa, ya sayar masa da kifi a ruwa. Farashin buhu ya fi jin maganar dala da kuɗin dakon tirela da farashin da Barazil da Indiya ke biya, tun da masana'antunmu suna fitar da yuriya waje. Manoma ba su manta da buhun kamfa na Naira 5,500 da Shirin Takin Shugaban Ƙasa ya kawo a 2017 ba, kuma ba katalis ne ya ninka shi sau da yawa daga baya ba.

To me ya kai maganar teburin ma'aikacin tarayya? Tun da aka ƙaddamar da Shekaru Goma na Gas a watan Maris na 2021, lissafin da ake yi a Abuja na kilomita ne da ƙafa-ƙafa na gas. Ana maganar ajiyar da ta haura ƙafa tiriliyan 200. Ana maganar bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai kilomita 614, wanda aka aza harsashinsa a watan Yunin 2020, yake ratsa wani ɗan yanki na gabashin Jihar Neja, nesa da Kontagora. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta ware kashi 30 cikin 100 na ribar mai da gas da NNPC ke samu daga wasu yarjejeniyoyinsa don neman mai a kwaruruwa irin na Bida. Duk wannan kuɗin nemo gas ne da jawo shi. Idan ya iso Kaduna ko Kano, ko dai a ƙona shi a samu lantarki, ko a fasa shi a samu taki da sinadarai, kuma hanya ta biyu ba ta da wata mashiga sai ta kan katalis. Fasahar amoniya ta Lekki daga kamfanin Topsoe na Denmak aka ɗauko lasisinta, ta Eleme daga KBR na Amurka, kuma cinikin katalis ɗin wannan aiki a duniya yana hannun kamfanoni ƙalilan, irin su Topsoe ɗin da Johnson Matthey na Birtaniya da Clariant na Suwizalan. Da dala ake sayen kowane lodi.

Ba a ce ƙasar nan ba ta taɓa gwada ƙera katalis ba. A Jami'ar Ahmadu Bello, kujerar farfesa da asusun PTDF ya ɗauki nauyinta a sashen injiniyan sinadarai ta yi shekaru tana sarrafa farar ƙasar Ƙanƙara ta Jihar Katsina zuwa katalis na matatar mai. A Basawa, nan Zariya, akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana da nata sashen injiniyan sinadarai, a cikin jihar da Kwarin Bida yake. Ko nikel ɗin ma, a 2016 wani kamfani mai alaƙa da 'yan Ostireliya ya ba da sanarwar gano shi a Dangoma, kudancin Jihar Kaduna, ko da yake sanarwa daban, ma'adinin da ake haƙa ana tacewa daban.

Haɗa garin ferobiskait ba ya cikin abubuwa masu wuya. Ɗalibin digiri na biyu mai tanderu da wutar da ba ta ɗaukewa zai iya. Wahalar tana wajen tabbatar da abin da aka haɗa: na'urar da ke leƙa tsarin ƙwayoyin zarra, madubin lantarki da ke ganin ƙwayar nikel mai faɗin nanomita 20, da bututun gwaji da zai yi wata guda yana ci a digiri 800 ba tare da janareta ya mutu a dare na uku ba. Waɗannan su ne layukan da aka fi saurin sokewa idan takardar neman tallafi ta iso gaban kwamiti a TETFund ko PTDF ko Hukumar Binciken Albarkatun Masana'antu da ke Maitama, domin ba su da hoton da za a ɗauka ranar buɗewa. Mataimakin da irin wannan takarda ta faɗo hannunsa zai iya gane ta gaske da tambayoyi kaɗan: awa nawa katalis ɗin ya yi yana aiki kafin ya toshe, a wane matsi, da gas na kwalba mai tsabta ko da wanda ke ɗauke da farar wuta, kuma giram nawa na kabon aka auna a jikinsa bayan an sauke shi.